Abokin haraka da abokin amana

Ƙanen wani abokina ne ya tada maganar a fada, wani dare bayan isha'i, ana jiran shayi na biyu ya nuna. Yaron yana cikin masu ɗauko kaya daga Jibiya zuwa nan Maradi, lokacin da harka ke tafiya salularshi ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba, har sai ya kashe ta in zai yi salla. Da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kaya suka tsaya, jarin ya dinga narkewa a hankali, ko da aka buɗe hanya a watan Maris na 2024 shi kam bai sake miƙewa ba. Ya ce mana, "Wallahi Yaya, yanzu sai in wuni in kwana ba wanda ya kira ni sai Inna. Ashe mutanen nan duk kayana suke gaidawa." Nan take fada ta ɗauka, kowa da nashi labarin, aka taru a kan cewa zamani ya lalace, zumunci ya mutu, komai ya koma ba ni gishiri in ba ka manda.

Maganarshi ta taɓa ni, don daga ciki ta fito. Amma hukuncin da fada ta yanke bai kwanta mini ba, tun ranan nake ta jujjuya abin a raina.

Mu nan garin, in aka ce a ware mu'amalar da kuɗi ke ciki gefe guda, wadda babu kuɗi gefe guda, to wallahi kusan ba abin da zai saura a gefe na biyun. Ɗa na aiko ma uwa kuɗi, miji na ba da na cefane, aboki na ranta ma aboki, ko gaisuwar mutuwa za ka je sai ka riƙe ɗan abin sadaka a hannu. Kuɗi na ratsa duk wata alaƙa mai nauyi da muke da ita, kuma tun kakanni haka abin yake. Abin da ke raba mu'amalar moriya da zumunci na gaskiya a wani wuri yake daban, yana ranar da ɗaya daga cikin mutum biyun ya kasa ramawa. Ranan ne ake gane ko lissafin ne ke riƙe da mutanen, ko kuwa mutanen ne ke riƙe da lissafin.

Ɗauki ɗan barema da yaron gida. Ɗan barema ka same shi da safe, kun yi ciniki, ya shiga gona ya yi noma zuwa azahar ko la'asar, an kawo mishi hura ya sha, ka ƙirga mishi kuɗinshi ya sa aljihu, shi kenan. Gobe in kun haɗu a kasuwa ba ya binka komai ba ka binshi komai, in ka ji ba ya da lafiya ba wanda zai zarge ka don ba ka je dubiya ba. Wannan ita ce mu'amalar moriya zalla, kuma ba laifi ba ce, halal ce tsaf, ana ma yabon wanda ya biya ma'aikaci da wuri. Lissafinta na buɗewa da safe ya rufe da yamma.

Yaron gida kuwa wani abu ne daban, kuma a kanshi aka gina kasuwancin garin nan. Yaro ya taso daga ƙauyen Dakoro ko Mayahi ko Tasawa, a kawo shi wajen Alhaji a ce ga amana, ya fara da shara da ɗaukar kaya da aike, ba albashi ba takarda ba wata yarjejeniya ta wata-wata. Amma ci da sha na gidan ne, kayan salla na gidan ne, in ya kwanta ciwo Alhaji ke biyan magani, in ya isa aure Alhaji ne kan gaba wajen sadaki da ɗaki, in an ga hankalinshi a bar mishi butiki ko a sa shi bin mota zuwa Kano, daga ƙarshe a yanka mishi jari ya tsaya da ƙafarshi. Shi kuma ko ya zama Alhaji na kanshi, ko ya fi ubangidan kuɗi, in ya shigo zauren nan ƙasa zai zauna. Wani mai bincike Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kan Alhazan Maradi a 1986, kuma ya yi dogon bayani a kan abin da mu muke cewa arzikin mutane, wato girman ɗan kasuwa ana auna shi da yawan mutanen da ke ƙarƙashin inuwarshi kamar yadda ake auna shi da dukiya. To ai moriya na nan ciki dumu-dumu, Alhaji na cin ƙarfin yaro da amanarshi, yaro na cin inuwa da jari. Kuma kar mu yi ma kanmu ƙarya, akwai iyayen gida da suka ci gumin yara shekara goma sha suka sallame su hannu wofi, na san irinsu, kowa ya sani. Amma in abin ya tafi yadda ya kamata, babu ranar da ɗayansu zai zauna da alƙalami ya ce na biya ka ka biya ni mun rabu. Lissafin a buɗe yake har mutuwa, wani lokaci ma ya wuce kan ɗiya.

'Yan kasuwarmu sun daɗe da sanin wannan bambanci, har suna suka ba shi. Akwai abokin haraka akwai abokin amana. Abokin haraka ku haɗu a kan kaya, kowa ya buɗe ido, a biya a ɗauka. Abokin amana shi ne wanda za ka loda mishi kaya na miliyoyi ba sa hannu ba shaida, mota ta bi ta Ɗan Isa, garin bakin iyaka, ta tsallaka Najeriya, kuɗi su dawo bayan sati biyu ko wata guda ba tare da ka yi rashin barci ba. Da gyaɗa ta faɗi bayan farin farkon shekarun 1970, aka koma harkar wucewa da atamfa da taba da sauran kaya zuwa Najeriya, da irin wannan amanar aka yi ta, don babu kotun da za ka kai mutumin Kano ƙara a kan kayan da ba su da takarda. Abin lura kuma shi ne kusan kowane abokin amana daga abokin haraka ya fara. Ciniki ne aka yi sau ɗaya, sau goma, sau ɗari, ba a ci amana ba, har aka kai ana kwana gidan juna, ana zuwa suna da jana'iza, wani lokaci har a haɗa auren ɗiya.

Rufe iyaka shi ne rariyar da ke tace su. An rufe daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa a watan Agustan 2019, ta Jibiya ma ba a buɗe ta a hukumance ba sai Afrilun 2022, sai kuma ga ta 2023 da ta zo tare da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, da yanke wuta. Wani kawuna da ke harkar hatsi ya shiga irin wannan matsin, kaya sun maƙale, naira kuma ta yi ta faɗuwa a shekarar, abin da yake bin mutane can ya zama kamar rabi in an juya shi sefa, alhali shi da sefa ake binshi. Mutum biyu ke binshi kuɗi masu nauyi. Na farko kullum sai ya kira sau uku, daga baya ya turo yaranshi suka zauna ƙofar gida har maƙwabta suka gane abin da ake ciki. Na biyun da ya ji labari, da kanshi ya zo da magariba, ya ce, "Alhaji, maganar kuɗin nan a aje ta sai hanya ta buɗe. Iyali fa, akwai abin da za su ci?" Washegari sai ga buhun gero biyu a amalanke. Kawu bai iya ba mu labarin nan ba tare da muryarshi ta rawa ba.

Ban ce na farkon azzalumi ba ne. Haƙƙinshi yake nema, wataƙila shi ma wani ke shaƙe da wuyanshi. Abin da ya nuna kawai shi ne tsakaninshi da kawu babu komai sai kuɗin, da kuɗin suka shiga haɗari bai ga wani abu da ya rage da zai kare ba. Na biyun ya ga mutum a bayan bashin. Kuma abin da Alƙur'ani ya ce kenan a Baƙara aya ta 280, in wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta mishi zuwa lokacin da zai samu sauƙi.

Inda abin ya fi rikitarwa shi ne bikin mata, kuma maza da yawa ba su fahimce shi ba, suna ganin kamar adashi ne da aka sa ma lalle. Mace ta haihu, ƙawarta ta kawo jika biyu, a rubuta a littafi ko a riƙe a ka. Ranar da ita ƙawar ke da suna ko aurar da ɗiya, ba jika biyu za a maida mata ba, ninkawa ake, jika huɗu. In abin ya zagayo a sake ninkawa, har ya kai inda ya yi nauyi a karya shi a dawo ƙasa a sake farawa. Daga waje wannan lissafi ne tsantsa, har da littafi. Amma ka tsaya ka duba me ninkin ke yi. Da daidai ake maidawa da an rufe lissafi kowa ta kama gabanta kamar ɗan barema da mai gona. Ninkin ne ke hana a taɓa yin daidai, kullum ɗaya na bin ɗaya, kullum akwai dalilin da za a sake taka ƙafa a je. Yayata ta taɓa ce mini in mace ta maido miki daidai abin da kika kai mata, ki fara tunanin ko kin yi mata laifi, don kamar tana cewa ne a tsaya nan.

Sai dai biki na iya rikiɗewa ya zama bashi mai cizo, kuma yana rikiɗewa. Na ga matar da ta saida akuyarta guda ɗaya tilo don kar a ce ta kasa rama biki, na ga wadda ta ƙi fita suna unguwarsu gaba ɗaya ta ce ba ta da lafiya, alhali lafiyarta lau, abin ninkawa ne babu. In ƙawarki ta gwammace ta ɓuya a ɗaki da ta zo miki hannu wofi, to littafin ya riga ya cinye ƙawancen. Na kuma ga akasin haka, wata tsohuwa a unguwarmu da ƙawarta ta zo tana ba da haƙuri cewa bana ba hali, ta kama hannunta ta ce, "Ke ƙawa, ni ƙafarki nake so, zauna ki kama mini tuƙin tuwo." Al'adar ɗaya ce, littafin ɗaya ne, matan ne suka bambanta.

Akwai hadisin da ke cikin Bukhari, daga Abdullahi ɗan Amru, wanda a ganina ya yanke maganar nan gaba ɗaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai sada zumunci ba shi ne mai ramawa ba, mai sada zumunci shi ne wanda in an yanke mishi zumunci sai ya sada shi. Kalmar da aka yi amfani da ita, mukafi'i, tana nufin mai saka kwatankwacin abin da aka yi mishi. Ka zo sunana in zo naka, ka gaida ni in gaida ka, ka daina in daina. Yawancinmu in muka duba da gaskiya nan muke tsaye, muna kiranshi zumunci alhali cuɗe ni in cuɗe ka ne. Ba haram ba ne, yana ma riƙe gari, amma hadisin ya ce zumuncin na farawa ne daga inda ramuwa ta ƙare.

To me ya sa yanzu abin ya fi yi mana yawa? Ba wai zukatan mutane ne suka canza dare ɗaya ba. Da can gandu ke riƙe gida, uba da ɗiya da ƙanne gona guda rumbu guda, in aiki ya yi yawa a kira gayya a yi tuwo a gama gonar wannan a koma ta wancan. Mutane suka ƙaru, gonaki suka tsattsage wajen rabon gado, wasu suka saida nasu, gayya ta ja baya barema ta maye wurinta. Fari ya zo a 1973 da 1984, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, yunwar 2005 ta fi tsanani a yankinmu duk da ana ce mana rumbun ƙasa. Duk wanda ya ga yadda ake cin bashin tiyar gero da damina a biya da ninki in kaka ta yi, ya san yadda talauci ke koya ma mutum lissafi. Mai jika ɗaya a aljihu da baki tara a gida dole ya auna wace gaisuwa zai je wace zai bari, don kabu-kabu ma kuɗi ne. Shi ya sa ba na saurin zagin talaka in na ga yana bin inda zai samu. Wanda na fi tuhuma shi ne mai hali da ya maida kowa ma'auni, wanda kafin ya amsa sallamarka ya riga ya auna me za ka iya yi mishi.

Ga kuma salula. Zumunta a ƙafa take, haka muka taso muka ji, yanzu ta koma a yatsa. Ana rasuwa a ƙauye ka tura jika biyar ta Nita ka bi da saƙon murya a WhatsApp, ka ji kamar ka sauke nauyi. Kuɗin na da amfani ƙwarai, kar a raina su, sau da yawa su ake sayen abin sadakar da su. Amma saƙo na da farko da ƙarshe, an tura an karɓa an gode, ya rufe kanshi. Zaman makoki na kwana uku a kan tabarma ba ya rufuwa haka, a nan ne kake ganin wane ya rame, wace ɗiya ta isa aure, wane yaro ya bar lakkol ba wanda ya faɗa maka.

Cutar da ta fi ciwo a wajena ita ce ciniki ya sa rigar zumunci. Mutum ya yi wata shida yana zuwa gaida ka da asuba, yana tambayar jikin tsohuwa, yana ɗaukar ɗanka yana mishi wasa, ashe hanya yake share ma wata buƙata, da ya samu ko ya rasa sai ka neme shi ka rasa. Da tun farko ya ce ga abin da nake so ga abin da zan bayar, da ba wanda zai ji ciwo. Lokacin zaɓe kowa ya san yadda ake zama ɗan'uwan kowa na wata uku. Tsakanin samari da 'yan mata ma haka, ita tana auna shi da kiredi da kayan toshi, shi yana ƙirga abin da ya kashe kamar mai zuba adashi yana jiran ranar kwasa, in aka rabu sai ka ji ana lissafin har kuɗin kabu-kabu. Sai kuma gori, wanda shi ne ke tona asirin niyya bayan shekaru. Ranar da mutum ya ce maka ka manta abin da na yi maka, ranan ka gane ashe bashi ka ci ba ka sani ba. Baƙara aya ta 264 ta ce gori da cutarwa na ɓata sadaka, a Suratul Insan kuma aka yabi masu ciyarwa suna cewa ba ma neman sakamako ko godiya daga gare ku.

Akwai kuma ta ɗaya ɓangaren da ba a cika faɗa ba, wato mai fakewa da zumunci ya ci haƙƙin ciniki. Tambayi duk mai ƙaramar butiki a garin nan wa ya fi karya shi, da wuya ya ce baƙo. Ɗan'uwa ne ke ɗaukar shinkafa da mai da sukari ya ce rubuta, in ka tuna mishi ya ce haba, tsakaninmu har da wannan? Jari ya mutu, zumuncin ma ya mutu, don daga ranan gaisuwa ta koma ta fatar baki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, a kan rubuta bashi ta sauka da kafa shaidu. Na daɗe ina ɗaukar rubuta bashi tsakanin 'yan'uwa a matsayin rashin yarda, yanzu na gane kariya ce ga zumuncin kanshi, don abin da aka fayyace ba ya zama ƙulli a zuci. Asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin nan na Maradi a 1991, wanda daga baya aka kwaikwaya a ƙasashe da yawa, a kan wannan ya tsaya. Zubi kowane sati, akwati da makulli, bashi da ranar biya, tara ga wadda ta makara, komai a gaban idon kowa. Kuma matan nan su ne za ka ga sun fara isa gidan 'yar ƙungiyarsu in ta haihu ko an yi mata rasuwa.

Shi ya sa na ce ma yaron nan, bayan an watse daga fada muna tafiya gida, kar ya ɗauki duk waɗanda suka daina kira a matsayin maciya amana. Yawancinsu abokan haraka ne, haraka ta tsaya suka tsaya, ba su taɓa yi mishi alkawarin wani abu ba, shi ne ya ɗauki yawan ƙarar salula a matsayin yawan masoya. Na ce ya ƙirga mini waɗanda suka taka ƙafa suka zo tun da abin ya faru. Ya yi shiru, ya ƙirga uku. Ɗaya ɗan ajinsu ne tun firamare, ɗaya maƙwabci, na ukun ya ba shi mamaki shi kanshi, wani mai faci ne a hanyar Ɗan Isa da yake tsayawa wajenshi in taya ta yi, wanda bai taɓa ɗauka a bakin komai ba, shi ne ya biyo shi har gida da 'yar ledar goro ya ce ya kwana biyu bai ga wucewarshi ba.

Sai na tambaye shi, shi kuma wa ya daina nema tun da ya daina amfanar shi? Mun kai ƙofar gidansu bai amsa ba. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce in raka shi unguwar Bagalam, wajen tsohon da ya fara ɗora shi a kan harka yana yaro, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu kenan, kuma bai taɓa leƙawa ba tun da ya fara cin gashin kanshi. Muka je bayan la'asar da 'yan lemu a leda. Tsohon na kwance a zaure, magana na fita da ƙyar, yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ne, ku gafarce ni." Tsohon ya daɗe yana kallonshi, sannan ya miƙo hannun da ke motsi ya dafa kanshi, ya tambaye shi ko Innarshi ta samu sauƙin ciwon ƙafar nan da take fama da shi.